Taku Sittin da Uku

Gurbi ɗaya ne a bakin ƙofar kantin magani,
an shafe shi da shuɗin fenti, an zana keken guragu.
Ni ke gadinsa. Ilu, daga Rigasa nake tasowa,
da usur a wuya, da benci, da laima mai karyayyen haƙarƙari.
Shekara bakwai ina korar masu lafiya daga kansa.
"Minti biyu kawai, Baba."
Na san minti biyun mutanen Kaduna.

Wata Laraba, ruwa ya ɗauke, kwalta na tururi,
Malama Uwani ta ɗora tsohuwar motarta kan shuɗin.
Na busa usur. Ta sauke gilashi, ba faɗa,
ta ce, "Ɗan'uwa, gwiwa ce."
Na leƙa: ba sanda, ba keke, ba takarda.
Jiki ne dai, jiki har sitiyari ya nutse.
Na ce doka ce. Na nuna mata can gindin dalbejiya.

Sai na tsinci bakina yana ƙirga.
Goma sha tara, ta dafa bayan motar wani.
Talatin da huɗu, numfashi kamar zugazugin maƙera.
Hamsin, ta tsaya tana duba waya,
wayar kuwa a kashe take, na gani.
Sittin da uku ta kai ƙofa, mayafi sharkaf.
Ni ashirin da biyar ke kai ni, ko haki babu.

Mai rake ya ce, "Da cokali ta tara, ta sauke da ƙafa."
Aka kwashe da dariya.
Nawa haƙoran ma sun fito, Allah Ya yafe mini.

Can sai ga Bulus, mai gyaran waya a Kakuri,
wanda shan-inna ta karɓe wa ƙafafu tun yana goye.
Ya shiga gurbinsa da babur mai ƙafa uku, na ba shi labari.
Ya ce, "Ilu, kada ka soma.
Shekara nawa muna roƙo kafin a ba mu tabon fentin nan?
Ka buɗe wa ƙiba yau, gobe mai ciwon haƙori zai zo.
Ita in ta rame ta warke.
Ni in na rame, me zai tsiro?"

Ashe tana bayanmu, da ledar magani a hannu.
"Shekara talatin ina tsaye gaban allo a Tudun Wada.
Haihuwa shida, da ƙwayar da ta kumbura ni don in yi numfashi.
Likita ya ce, yi tafiya ki rage nauyi.
Gwiwa ta ce, rage nauyi kafin ki yi tafiya.
Ba sunanka nake nema ba, ɗana.
Ƙofar ce ta yi nisa."

Bulus ya sunkuya yana gyara birkin da bai lalace ba.

Na kai wa manaja. Ya ce gurbi na biyu sai an zauna taro.
Wata uku ke nan, ko kujerun ba a jera ba.

Usur aka ba ni, ba sikeli ba.
Yaron da ya yi tseren babur ya karya bayansa,
ban taɓa tambayarsa wa ya jawo ba, buɗe masa nake yi.
Amma gurbin ɗaya ne,
kuma babur ɗin Bulus ba ya shiga ko'ina sai nan.

Abin da na iya ke nan: na ja bencina
zuwa taku na talatin da huɗu.
Rana ta fi dukan wurin, laimar ba ta kaiwa.
Ran Laraba takan zauna, ni in miƙe tsaye,
mu yi zancen tsadar shinkafa da cunkoson gadar Kawo.

Bulus kan wuce, ya danna oda sau biyu.
Har yau ban san ko gaisuwa ce ba,
ko gargaɗi.